Zai-Bushe Mai Gyaran Bango

Ba wanda ya zauna ya laƙaba masa sunan, da bakinsa ya jawo wa kansa. Duk gidan da ruwa ya yi wa ɓarna aka kira shi, in ya gama shafe-shafensa, mai gida ya ɗora tafin hannu a bango ya ji sanyi kamar gindin randa, ya juyo ya dube shi, amsar ɗaya ce: "Zai bushe." Haka yake faɗa a kanti, haka a ofis, haka a ɗakin kwanan mutane. Tun ana maimaitawa a bayan idonsa har aka koma kiransa da shi a gabansa, shi kuma ya amsa, don ba ya faɗa da abin da ke sa a tuna da shi. Yau in ka je layinsu ka ambaci sunansa na gaskiya, sai an yi ta kallon-kallo. Ka ce Zai-Bushe, kowa zai nuna maka ƙofa.

Fenta ne tun asali. Bai daɗe a sana'ar ba ya gane cewa mai son kwalliya yana iya jira, yana ja-in-ja, yana canza kala bayan an gama. Amma wanda rufinsa ya yi yoyo, ko wuta ta lashe masa kicin, ba ya musu, kuka yake yi. Daga nan ya sauya sana'a ba tare da ya sauya kayan aiki ba. Ya sa aka rubuta masa allo: gyaran ɓarnar ruwa, gobara da funfuna. Rolar dai ita ce, bokitin shi ne, tsanin ma shi ne, mai ƙafar da aka ɗaure da waya. In hadari ya haɗu mutane na kwashe shanya, shi wanke buroshi yake yi. In ya ji jiniyar motar kashe gobara sai ya yi salati, da gaske kuma yake yi, amma kunnensa na bin ta har ya gane layin da ta tsaya.

Aikin gaskiya kowa a sana'ar ya san shi, ba wani karatu ba ne. Ka nemo inda ruwan ke fitowa ka toshe, ka fasa filastar da ta ruɓe har ka ga bulo, ka wanke, ka buɗe tagogi, ka jira. Jiran nan shi ne aikin. Shi kuwa Zai-Bushe ya lura ba wanda ke yaba wa mutum don ya iya jira. Nasa tsarin gajere ne: a kankare baƙin da ke sama-sama, a goge da samfefa ya yi sumul, a lafta fentin mai mai kauri ya toshe wa bango numfashi, sannan a lulluɓe da fentin ruwa mai haske. Warin sabon fenti ya danne warin funfuna, kowa ya ce masha Allah.

Sai kuma hatiminsa. Kafin ya tafi zai tsaya tsakiyar ɗaki, ya riƙe haɓa kamar mai nazari, ya nuna bangon da ya gama rufewa ya ce, "Nan ne wurin wadirob. In kun sa shi nan, ɗakin zai fi fili." A yi ta godiya, a ce ga fenta ga mai tsara ɗaki. In abin zai dawo, a bayan wadirob zai dawo, wa kuma ke leƙa bayan wadirob? Sai ranar tashi daga gida, ranar kuwa Zai-Bushe ake sake kira.

Gobara ma haka. Akwai wani tela da wutar lantarki ta cinye masa silin ɗin shago. Ko wanke baƙin hayaƙin bai yi ba, ya fente wurin fari tas. Ba a jima ba hayaƙin ya huda fentin ya fito rawaya-rawaya kamar haƙoran mashayin taba. Da telan ya yi ƙorafi, ya ce masa ai kalar ce take nuna, haka masu kyau suke yi.

Kada wani ya ce rashin sani ne. Je ka gidansa ka taɓa bango. Shekarar da danshi ya taso ta ƙasan ɗakin matarsa, da hannunsa ya fasa, ya haƙa, ya gyara magudanar, ya bar bangon tsirara wata da watanni. Baƙi na zuwa suna ganin bulo, matar na mita, bai ɗiga ko ɗigon fenti ba. Yankin leda yake mannawa a jikin bangon ya bar ta ta kwana. Da safe in ya ɗaga ya ga ta yi gumi, ya mayar ya tafi harkarsa. Sai ranar da ta kwana a bushe ya kwaɓa siminti. Ledar nan ba ta taɓa fita daga gidansa ba.

Matarsa ta san komai. Ita ke wanke masa kayan aiki, ta kuma san rigar da ta sha ƙurar filasta da wadda ɗigon fenti kawai ta sani. 'Yarsu Auta ce ba ta sani ba. Ta tashi a gida mai busasshen bango, tana zaune gefen tabarma tana jin mahaifinta na ba da labarin gidajen da ya ceto daga rushewa. Duk ragowar fentin da ya samu gida yake kawowa, shi ya sa ƙofar kicin ɗinsu koriya ce, tagar ɗakinta shuɗiya, kujerar tsakar gida ruwan hoda. A makaranta in an ce kowa ya faɗi aikin babansa, ita cewa take likitan gidaje ne.

Babban wanda ke ba shi aiki wani ne da ake kira Mai Gidaje, mai benayen haya a ko'ina cikin gari. Mutum ne da ke tsoron guduma fiye da yadda yake tsoron mutuwa, in ɗaki ya kwana babu ɗan haya a jikinsa yake jin ciwon. A benensa na bayan gidan mai akwai wani ɗaki da falo a ƙasa, can ƙarshen baranda. Bututun da ke sauko da ruwan banɗakunan sama a cikin bangon ɗakin aka binne shi, ya kuma tsage. Farkon da bangon ya yi baƙi an kira mutum biyu: Zai-Bushe da Mai Famfo, abokinsa tun suna ɗaukar wa oga ɗaya jaka. Mai Famfo ya ƙwanƙwasa bangon, ya sunsuna, ya ce a fasa.

"A fasa?" in ji Mai Gidaje, ya dafe ƙirji. "Bangon nawa?"

"To na wa? Ruwan banɗaki ne ke sauka a ciki, yallaɓai. Ba lallashi zai ji ba."

Zai-Bushe ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, bar ni da shi. Zai bushe."

Mai Famfo ya rataya jakarsa ya dube shi sama da ƙasa. "Kai dai wata rana gawa za a kawo maka, ka fente ta ka ce za ta tashi."

Tun daga ranar ba sa haɗuwa sai a wurin jana'iza, a can ma da ka suke gaisawa. Ɗakin kuwa ya zama gonar Zai-Bushe. Duk ɗan hayar da tari ya kora, a kira shi ya sake shafi. Ya yi masa kore, ya yi masa shuɗi, ya yi ruwan hoda, na ƙarshe ya yi ruwan madara.

Ana nan Auta ta yi aure, ta auri wani direban motar raba biredi, yaro mai kunya da son a ce ya iya riƙe gidansa. Ta haifi 'ya mace mai ɗaure fuska, ba haƙori ko ɗaya, kakan yana ganinta ya ce, "Wannan ai tsohuwa kuka haifo mana." Sunan ya bi ta. In ya je gidan ba ya gaisawa da kowa sai ya fara ɗaukarta. "Tsohuwa, yau ma fushi ake da ni? Me na ci miki?" Ita kuwa ta damƙi gemunsa ta ja. Ba a taɓa ganin ya bar wani aiki don mutum ba sai don ita.

Da ɗakinsu ya yi musu kaɗan, surukin ya nemi wani da kansa, bai shawarci kowa ba, don a ga ya girma. Sai da suka kwashe kaya ya kira surukansa su zo su sa albarka. A cikin tasi Zai-Bushe na ta ba direba labarin wani otal da ya ceto. Da motar ta sha kwanar gidan mai, labarin ya tsaya a tsakiya. Da ta tsaya a bakin get, ya fara roƙon Allah a zuci ya sa a sama ne. Surukin ya fito da fara'a, ya durƙusa ya gaishe su, ya wuce gaba yana nuna hanya. Ya wuce matakalar bene bai hau ba. Ya wuce ƙofa ta farko, ya wuce ta biyu, ya tafi har ƙarshen baranda.

"Baba, ai dillalin yana ce min kai ka yi gyaran, ban ƙara duba komai ba. Na ce masa in dai hannun surukina ne, miƙo makulli."

"Ai kuwa ka yi dabara," in ji matar Zai-Bushe, idonta na kan mijinta. "Malam, ana yabonka. Ka ce wani abu mana."

"Allah ya sa alheri," ya ce, muryar kamar ta aro.

A cikin ɗakin, gadon Tsohuwa na jingine da bangon nan, kanta na kusa da shi har tana iya shafa shi da hannu. Zai-Bushe ya tsaya tsakiyar ɗaki ya riƙe haɓa. Bai taɓa yin wannan wasan da zuciya ɗaya irin na ranar ba.

"Auta, nan ne wurin wadirob."

Ta yi dariya. "Baba ke nan. Ai wadirob ɗin ya ƙi shiga ƙofar, a falo muka bar shi. Kuma nan ɗin ya fi sanyi. Tsohuwa ba ta son zafi, ina kwantar da ita a nan sai barci."

Suka koma gida shi da matar. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Sai ka gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Abin da ni da kai da rigunanka muka sani."

"Ke ba ki san aiki ba. Wannan karon shafi biyu na yi."

Bai gaya musu ba. Maimakon haka ya zama baƙon kullum. Yau ya zo ya ce iskar ɗakin ta fi kyau ta wajen ƙofa, ya ja gadon da kansa, gobe ya tarar an mayar, don ƙofar na bugunsa. Ya kawo musu fanka ya ce kyauta ce. Ya riƙa buɗe taga yana cewa yaran zamani ba su san daɗin iska ba, Auta na rufewa saboda sauro. Ya ce wa surukin unguwar ba ta yi masa ba, akwai hayaniyar motoci. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba," irin to ɗin da ba ya motsa ko cokali. Duk dabarar da ya tara a rayuwa ta rufe abu ce, bai taɓa koyon yadda ake buɗewa ba.

Da ruwan sama ya zauna sosai, Tsohuwa ta fara tari. Aka ce mura ce. Murar ta wuce, tarin ya zauna. Daga baya ƙirjinta ya fara wani ɗan kuka in tana numfashi, siriri, kamar 'yar kyanwa a cikin kwali. Ta daina jan gemu. Ranar da za a kai ta asibiti shi ya riƙe jakar, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Nas ɗin, wata dattijuwa mai gilashi, ta saurari ƙirjin ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Akwai mai shan taba a gidan?"

"Babu," in ji Auta.

"Danshi fa? Bango mai baƙi-baƙi, ko warin funfuna a inda take kwana?"

"A'a, wannan kam babu. Babana ne ya gyara ɗakin da hannunsa, aikinsa ke nan. Ga shi nan ma."

Nas ɗin ta dube shi ta saman gilashi. "To madalla, an rage mana zato ɗaya. Sai mu nemi wani dalilin."

Ya gyaɗa kai. Wallahi ya gyaɗa kai. Aka rubuta magani da gwaje-gwaje, aka tafi neman ciwon a inda ba ya nan.

Washegari da safe matarsa ta same shi yana ɗaure galan ɗin fenti da rola a bayan babur.

"Ina zuwa?"

"Gidan Auta. Zan ɗan taɓa wurin."

"Huhun yarinyar za ka fenta?"

Ya tada babur ya bar ta tsaye. Abin da hannunsa ya sani ke nan, mutum kuwa in ya ruɗe abin da ya saba yake rarumowa. Ya tarar surukin ya fita aiki. Ya ce wa Auta zai sabunta musu bangon, ta ɗauki yarinyar ta koma falo tana ta sa masa albarka. Ya ja gadon. A bayansa baƙaƙen ɗigo sun fito kamar kashin ƙuda, fentin ya kumbura wuri-wuri kamar ƙunar ruwan zafi. Ya danna ɗaya da babban yatsa, ta fashe, wani ruwa mai launin shayi ya gangaro. Ya san warin. Ya buɗe galan, ya juya fentin da sanda, ya tsoma rola. Daga falo yana jin 'yar kyanwar nan tana kuka a ƙirjin jikarsa, ta shiga, ta fita.

Auta ta leƙo. "Baba, in ka gama yaushe zan mayar da gadonta?"

"Zuwa yamma. Ai zai..."

Kalmar da ya faɗa wa rabin garin nan ta ƙi fita. Rolar na ɗiga a kan takalminsa. Ya ajiye ta, ya mayar da murfin galan ya danne da dunduniya.

"Kada ki mayar. Ku zauna a falo. Ina zuwa."

Wurin Mai Gidaje ya fara zuwa, ya same shi a ofis yana shan shayi, fanka na kaɗa masa babbar riga.

"Yallaɓai, ɗakin ƙarshen nan na bayan gidan mai. A fasa shi."

"Kai ma? Wane ne ya tsaya a gabana ya ce in bar shi da shi?"

"'Yata ce a ciki, yallaɓai. Jikata ba ta da lafiya."

"Ayya. Ashe abin na gida ne. To ka yi mata shafi uku mana, wa ya hana ka?" Ya kurɓi shayi, ya yi murmushi. "Kwantar da hankalinka, mutumina. Zai bushe."

Zai-Bushe bai taɓa jin kalmar daga wancan ɓangaren ba. Ashe haka take da ɗaci.

"Kuma ka ji da kyau," in ji Mai Gidaje, murmushin ya tafi. "Ka taɓa min bango da guduma, kada in sake ganin rolarka a ko ɗaya daga gidajena. Masu buroshi sun cika gari."

Gidajen nan su ne cinsa da shansa, ya sani, Mai Gidaje ma ya san ya sani. Ya yi sallama da ladabi, har da "a huta lafiya". Ya hau babur ya zauna a kai bai tayar ba, har mai gadi ya zo ya tambaye shi ko mai ne ya ƙare. Sannan ya tayar, ya nufi inda bai taka ba shekara da shekaru.

Mai Famfo na zaune a bakin rumfarsa yana naɗa zare a bakin wani famfo. Ya ɗago ya gan shi.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Shi ya sa na zo."

Ya gaya masa a tsaye, cikin 'yan kalmomi. Mai Famfo ya saurara bai katse shi ba, ya ajiye famfon, ya shiga ciki ya fito da jakarsa da guntun sabon bututu da babbar guduma. Gudumar ya miƙa masa.

"Riƙe. Ta nan ake kamawa, in ka manta. Ni bututu na sani. Wanda ya rufe shi zai buɗe."

Suka biya suka ɗauko matar Zai-Bushe a tasi, don a samu mai riƙe yarinya. Ita kuwa da ta ga gudumar ba ta tambayi komai ba, mayafinta kawai ta ɗauka. Aka fitar da Tsohuwa can bakin get wurin kakarta. Aka ce Auta ma ta fita, ta ƙi, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon ubanta yana ɗaure hanci da tsumma.

"Baba, ba fenti ka ce za ka yi ba?"

Ya ɗaga guduma. Bugun farko ko ƙara bai yi ba, kan gudumar ya nutse kamar an doki jiƙaƙƙen biredi. Filasta ta zubo guda-guda, fentin ya saɓule kamar fatar da aka jiƙa. A bayansa bulo ne baƙi ƙirin, ya yi gashi-gashi, yana ƙyalli da ruwa. Wari ya buso, irin wanda ke sa mutum ya tuna abin da ya ci jiya. Kyankyasai suka watse ta ko'ina. Da suka kai ga bututun, tsagar ta kai tsawon hannu, wani na sama ya ja ruwa a daidai lokacin, suka ga abin da idonsu yana tsartuwa cikin bango.

"Ga shi nan yana bushewa," in ji Mai Famfo.

Auta ta sunkuya ta ɗauki wani ɓallin fenti da ya faɗo kusa da ƙafarta. Ta juya shi ta gefe. Kala-kala ne a jere, ɗaya kan ɗaya, kamar shafukan da suka manne. Ta sa farce ta ɓanɓare na sama.

"Wannan ruwan hodar kujerarmu ce." Ta sake ɓanɓarewa. "Wannan shuɗin tagata ne. Wannan koren ƙofar kicin." Ta ɗago. "Baba, tun ina makaranta aka yi wa ƙofar nan fenti."

"Matsa baya, akwai ƙura."

"A gabanka na gaya wa nas babu danshi. Kana tsaye."

Ya ci gaba da bugu. Ta tsaya ta ɗan jira, ta ga gudumar ce kawai ke amsawa, ta jefar da ɓallin ta fita wurin 'yarta.

Surukin ya dawo ya tarar da rabin ɗakinsa a ƙasa. Ya dubi ramin, ya dubi inda gadon yake a da, ya dubi surukinsa. Da zagi ya yi da an samu sauƙi. Sai ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya ɗauki shebur ya fara kwashe ɓaraguzai.

Mai Gidaje ya iso yana huci, mai gadi ya kira shi a waya. Tun daga get ake jin muryarsa. Ya ce ɓarna ce, ya ce cin amana ne, ya ce daga yau ko kejin kaji ba zai ba Zai-Bushe ya fenta ba. Mai Famfo na durƙushe yana haɗa bututu, bai ko juyo ba ya ce, "Yallaɓai, matso ka faɗa a nan kusa, mu ga ko za ka iya ƙarasa maganar ba ka toshe hanci ba." Bai matso ba.

Hayaniyar ta tara 'yan haya a baranda, kowa na leƙen ramin yana tofar da yawu. Wata mata daga hawa na biyu ta ƙura wa Zai-Bushe ido.

"Bawan Allah, ba kai ne ka ce min in sa wadirob a bangon taga ba?"

"Ni ma haka ya ce min," in ji wani.

Sai mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna hawa bene. Jim kaɗan aka fara jin ƙara daga sama, gurrr, gurrr, ɗaki bayan ɗaki, ana jan katako a kan siminti. Daga wani wuri wata ta rafka salati. Mai Gidaje ya ɗaga kai yana sauraro, ya nemi motarsa.

Auta da mijinta da Tsohuwa suka koma gidan Zai-Bushe kafin ɗakin ya gyaru. Ya bar musu ɗakinsa, mafi bushewa a unguwar, ya shimfiɗa katifa a sito tsakanin galan-galan ɗin fenti. Auta ta koma asibiti ita kaɗai ta gyara amsar da ta bayar. A hankali 'yar kyanwar ta yi shiru, tarin ya ja baya, wata safiya Tsohuwa ta damƙi gemun kakanta ta ja har ya yi ƙwalla.

Auta na gaishe shi, tana kawo masa abinci, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Amma ranar da ya gyara zama a tabarma ya ce, "Akwai wani gida da na taɓa ceto," sai ta tuna ta bar wanki a jiƙe. Matarsa ta ce, "Ci gaba, Malam, ni ina ji. Wace kala ka yi masa?"

Kada kuma a ce ya shiryu, ni ban ga haka ba. Bango ɗaya ya fasa a rayuwarsa don wani, shi ma don jininsa ne ke numfashi a jikinsa. Sauran gidajen suna nan da jikokin wasu a ciki. Mai Gidaje bai sha wahalar maye gurbinsa ba, ya ɗauki wani da Zai-Bushe ya koya wa aiki da kansa, an ce har riƙe haɓar ya iya. Ɗakin ƙarshe ne kawai ya bari a buɗe, don 'yan haya sun sa ido, kuma ba mai rufe masa shi ba tare da ya buɗe aljihu ba sai wanda ya fasa.

Yanzu aiki ya yi ƙaranci, allon ƙofarsa ya fara koɗewa bai sabunta ba. Kowace safiya yakan hau babur ya tafi bayan gidan mai, ya buɗe tagogin ɗakin, ya tsaya gaban tsiraran bulo. Ledar da ba ta taɓa fita daga gidansa ba tana manne a can. Rannan surukin ya biyo shi kafin ya wuce aiki, ya gaji da zaman gidan surukai, takalminsa ma a hannu yake shiga da shi.

"Baba, na taɓa jiya na ji kamar ya yi. Ko za a sa filastar mu dawo?"

Zai-Bushe ya ɗaga gefen ledar, ya shafa bayanta da yatsa, ya duba yatsan a hasken taga. Ya mayar da ita ya danne.

"Da saura," ya ce.